Kuben Nani da Sakatar Sabuwar Bindiga

Ofishin Babban Sufeton Bindigogi, Dawakai da Damisoshi,
Kudancin Savanna, ta gidan wayar Lethem.
Mayu, 1994.

Zuwa ga Malama Zorina Baksh, ma'aikaciyar jinya, Toronto.

Assalamu alaikum. Wato barka da aiki, kamar yadda mu manyan gwamnati muke faɗa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, kuma sanyin ƙasar nan bai cinye miki kunnuwa ba. Mu a nan ofis lafiya lau, sai dai ruwa ya fara sauka, sauro kuma sun dawo bakin aiki kafin ma'aikatana.

Na rubuto ne a kan mahaifinki, Malam Ayube Baksh na garken Rafin Warabu, wanda jikokinsa suke kira Nana. Ofishina ya samu labari cewa da kika zo bara, kin raba shi da tsohuwar bindigarsa mai mariƙi a ƙasa, kin jefa ta cikin akwatin marigayiya mahaifiyarki, kin kulle, kin tafi da makullin har Kanada. Kin kuma sa an kawo masa sabuwa daga Georgetown, babban birninmu, irin tsohuwar sak, sai dai ita tana da wata 'yar sakata a gefe da ake turawa da yatsa, wai don kada ta tashi da kanta. In sakatar a buɗe take, wani jan zobe yake fitowa a jikinta.

To ga abin da sakatarki ta haifar. Kafin ruwa ya sauko, da hantsi, Nana da makiyayansa sun tarar da damisa a bakin rafi ta danne ɗan maraƙin jar saniyar nan. Nisan bai fi a jefa mata mangwaro ba. Makiyaya suka ja linzami suka ba shi fili, don a wannan yanki ba a harbi kafin Nana. Ya zare bindiga daga kube, ya karya mariƙi, ya saita, ya ja kunama. Ƙas! Guduma ta faɗi, ba wuta. Ya sake. Ƙas! Damisa ta ɗago kai ta dube shi irin duban da mai kanti yake yi wa yaron da ya shigo ba saye ba, ta ja maraƙinta ta shige cikin gorubar rafi.

Kawu Leonard, shugaban makiyayan, ya leƙo ya ce a hankali, “Tsoho, sakatarka a rufe take.”

Nana ya ce, “Na buɗe ta bayan sallar asuba. Da hannuna na buɗe ta, na ga jan zoben.”

Ba wanda ya yi dariya, kuma da ma sun yi da ya fi sauƙi. Tun daga ranar bai sake hawa doki ba. Yana kwance a ragarsa ta lilo a baranda, yana cewa mutumin da ya manta abin da hannunsa ya yi da safe, kansa ya fara zuba, bai kamata ya bi shanu ba. Dokinsa Barkono ya yi ƙiba har yana tafiya kamar matar gwamna.

Malama, a iya binciken ofishina, tsohuwar bindiga ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. In gudumarta tana baya, a shirye take. In tana tsakiya, barci take. Ko makaho ya shafa ya sani. Wannan sabuwar kuwa sai ta bar ka ka ja kunama, guduma ta faɗi da ƙara kamar gaske, sannan ta yi shiru. Bindigar da ta iya wasan kwaikwayo ba ta dace da dattijo ba.

Saboda haka doka ta umarce ki da ki aiko makullin nan cikin gaggawa. In kina da hali ki haɗa da alewar nan mai takardar zinariya, don ma'aikatana.

Naki cikin aikin hukuma,
Babban Sufeto.

*

Toronto,
Yuni, 1994.

Ranka ya daɗe Babban Sufeto,

Wa alaikumus salam. Na yi mamaki da gwamnati ta fara sallama, amma na ji daɗi. Muna lafiya, sanyi ya wuce, kunnuwana suna nan biyu. Takardar ofishinka ta iso tana ƙamshin busasshen nama, har maigidana ya tambaya ko da saura a ambulan.

Tunda ikonka ya kai kan damisoshi, don Allah ka kama mini wani ɗan iska a yankinka mai suna Fizul, ɗan yayata Shameeza, Allah ya ji ƙanta. Shi ne ya rubuto mini shekara biyu da suka wuce cewa Abba zai auri wata bazawara 'yar Brazil mai haƙorin zinariya, har na sayi tikiti. Na rantse a lokacin ba zan sake amsa wasiƙarsa ba. Amma kai Sufeto ne, ba rantsuwa tsakaninmu.

Makulli ba zai zo ba. Bari in gaya maka dalili, tunda bincikenka bai kai nan ba.

Ka ce tsohuwar ba ta ƙarya. Gaskiya ne. Amma ka san yadda ake sa ta barci? Ka riƙe guduma da babban yatsa, ka ja kunama, ka sauke ta a hankali a kan harsashi mai rai. Duk tsaronta yana cikin yatsa ɗaya ne. Bara na zauna kusa da Abba yana jan carbi bayan magariba, na ga yatsan nan yana rawa. Aikina ke nan kullum, Sufeto, kallon hannayen tsofaffi. Na san rawar sanyi, na san wadda ba ta sanyi ba.

Sannan ka san yadda ake fitar da harsasai daga cikinta? Sai ka yi ta karya mariƙi, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bi ta bakin wuta, guduma a ɗane. Ina 'yar shekara tara, Abba ya dawo daga kiwo ya tsaya a baranda yana yin haka, yana ba mu labarin wani bijimi da ya tsere. Mama, wadda jikoki suke kira Nani, tana zaune tana tankaɗen garin rogo. Sai ƙara. Harsashi ya huda gwangwanin garin da ke jingine da gwiwarta. Gari ya yi ta zuba, ba wanda ya motsa. Daga baya Mama ta ce, “Ayube, in garin ne bai yi maka ba, da baki ake faɗa.” Muka yi dariya, ta shiga ɗaki, na bi ta, na tarar ta kasa kwance ɗankwalinta. A lokacin Abba yana da ƙarfinsa, idonsa garau. Da akwai sakata a ranar, da ya tura ta ya fitar da harsasansa yana ta surutunsa, ba abin da zai faru.

Ba na ƙin tsohuwar. A kanta na koyi harbi, a bayan shingen shanu, Abba yana riƙe da kafaɗata, Shameeza tana toshe kunne tana ihu tun kafin in ja. Har yau in na ji warin man keken ɗinki, ita nake tunawa. Amma na fi son damisa ta ci maraƙi goma da in ji an huda wani gwangwani.

Abba fushi yake yi, zai huce. Ya taɓa yin wata guda bai yi wa Mama magana ba a kan sirdi. Ka dai gaya mini, yana cin abinci? A yi masa dal, miyar waken nan, mai ruwa-ruwa da tafarnuwa, ba ya iya ƙin ta.

Alewa tana cikin kwalin da na haɗa da wasiƙar nan. Ta ma'aikata ce, ban ce Sufeto ya cinye ba.

Zorina Baksh.

*

Ofishin Babban Sufeto,
Yuli, 1994.

Malama Zorina,

Gaisuwa mai yawa. Ban san ranar da wannan za ta same ki ba. Savanna ta zama teku, gidajen gara ne kawai suka fito da kai, jirgin wasiƙa kuma ya ce sai ƙasa ta bushe. Zan ba wani mai kwalekwale ya kai Lethem. Alewa ta iso, ma'aikata sun gode, dukansu suna ciwon haƙori ɗaya.

Na kama Fizul ɗin da kika ce. Na same shi kyakkyawan saurayi mai hankali, na sake shi. Ya ce gwangwanin nan mai faci yana nan a kicin, kuma tun yana yaro Nana ya gaya masa ɓerayen Brazil ne masu haƙorin ƙarfe suka huda shi. Da na karanta masa wasiƙarki ya je ya daɗe tsaye a gaban gwangwanin. Bai yi wani wasa ba, abin da ya ba ofishina tsoro.

Yanzu ga babban labari. Nana bai manta komai ba. Kube ne.

Kin tuna kuben da Nani ta ɗinka masa da ɗanyar fatar sa, irin ɗinkin mutanenta 'yan ƙabilar Makushi? A jiƙe ta ja shi a jikin tsohuwar bindiga ta bar shi ya bushe a kai, shi ya sa ya kama ta kamar fatar jikinta. Ranar da ruwa ya hana fita, Fizul ya ɗauko sabuwar zai shafa mata mai, ba harsashi a ciki. Ya buɗe sakata, jan zobe ya fito, ya tura ta cikin kube, ya zaro. Jan zobe ya ɓace. Ya sake, haka. Ya yi ta yi har hannunsa ya gaji. Tsohuwar gefenta sumul yake, sabuwar kuwa sakatarta ta ɗan turo kai, bakin kuben kuma ya bushe kamar ƙaho. Duk shigar da za ta yi sai ya danne ta. Wato Nani ce take rufe bindigar daga kabarinta.

Yaron ya ruga baranda da bindiga a hannu ɗaya, kube a ɗaya.

“Nana! Kanka lafiya lau! Tashi ka gani!”

Nana bai ko juyo ba. Ya ce, “Kai ne ka ce mini an ga kada a rijiyar masallaci.”

“Wannan daban, Nana. Wallahi.”

“Kai ne ka ɗaura wa Barkono ƙararrawa a wutsiya ranar Idi.”

“Ka duba kawai, sau ɗaya!”

“Fizul, na gode. Ƙaryarka ta yau mai kyau ce, ta tausayi ce. Ɗauke mini abin nan daga gabana.”

Kawu Leonard ya gwada da kansa, ya gani, ya je ya faɗa masa. Nana ya ce yaron ya saye shi da alewa.

Malama, wannan ba fushin sirdi ba ne. An yi dal ɗin, da tafarnuwa har maƙwabta suna atishawa, ya sha cokali kaɗan ya ture. Wandonsa sai da igiya yanzu. Shekaranjiya ya kira Kawu Leonard ya ce ya ɗauki sirdinsa ya riƙe, shi ya gama. Kawu ya ce, “Tsoho, ƙafata ba ta kai inda taka take kaiwa ba,” ya fita ya tsaya bayan rumbu yana share hanci. Mutumin da ya shekara arba'in yana hawa ba takalmi, babban yatsan ƙafarsa maƙale da likkafa, yau ko matakalar baranda ba ya sauka sai don alwala.

Na ji maganarki a kan yatsa, kuma ban ce ƙarya ba ce. Ni ma na gani. Amma ba ya taɓa sabuwar, ba ya yarda a kawo ta kusa. Abu ɗaya ne na san zai sa ya miƙe zaune: tsohuwar bindigarsa. Ba na ba ki umarni wannan karon. Ofishina roƙo yake yi.

Sufeto.

*

Toronto,
Satumba, 1994.

Sufeto,

Wasiƙarka ta Yuli jiya ta iso, duk ta sha ruwa, layin ƙarshe da ƙyar na karanta. Wata biyu! Ban san halin da Abba yake ciki yanzu ba, na kira gidan wayar Lethem layi ya ƙi shiga. Lafiyarmu ƙalau, ba ita ce magana ba.

Ga makulli, na naɗe shi cikin auduga. Amma da sharaɗi, kuma kada ka sassauta. Ka tabbatar ba harsashi a cikinta, ka duba da ido, ka duba da yatsa. Sannan ka ba shi, ka ce ya ɗana guduma ya sauke ta tsakiya, kamar yadda ya saba, a gabanka da gaban Kawu Leonard. In yatsansa ya riƙe, na janye, ya hau da ita. In bai riƙe ba, kada kowa ya ce komai. Shi ya san abin da ya gani.

Ka karanta masa wannan daga bakina: Abba, na yarda da maganar kube. Ina nan ranar da Mama ta ɗinka shi. Ta jiƙa fatar a rafi kwana biyu, ta ja ta da haƙori, ta ce maka, “Wannan ba zai karɓi wata ba, ko ka kawo ta daga Ingila.” Kai kuma ka ce to ai kai ma haka, ba za ka karɓi wata matar ba. Ni ce na kawo wata ban tambayi kuben ba. Kanka bai zuba ba, Abba. Lissafina ne bai cika ba.

A cikin akwatin akwai farin mayafinta na Idi, a saman bindigar. A ɗaga shi a hankali, ya tsufa.

Ka rubuto ranar da wannan ta same ka, ko layi biyu ne. Ka ji, beta, ɗana? Kada ka bar ni ina jira.

Zorina.

*

Rafin Warabu,
Oktoba, 1994.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kafin komai: yana raye, yana cin abinci, jiya ma ya zage ni a kan na bar ƙofar shinge a buɗe. Kowa lafiya. Ruwa ya janye, ciyawa ta kai cikin doki, an fara tattaro shanu.

Makulli ya iso ranar Juma'a. Na karanta masa saƙonki a baranda. Da na kai wurin “kai ma haka” sai ya rufe fuska da hularsa ya ce rana ta dame shi, alhali rana tana bayan gida. Can ya ce, “Kawo akwatin.”

Ni da Kawu Leonard muka ɗauko. Da murfin ya buɗe, ƙamshin Nani ya fito gaba ɗaya, man kwakwa da kafur da hayaƙin murhu, kamar yanzu ta wuce zuwa kicin. Nana ya sauko da ƙafafunsa daga raga ya zauna sosai. Shi ya ɗaga mayafin da kansa, ya ninke a cinyarsa. Na duba bindigar da ido da yatsa kamar yadda kika ce, na miƙa masa.

Ya shafa wurin da hannunsa ya cinye baƙin ƙarfen har ya koma fari. Ya karya mariƙi, ya mayar. Kin san ƙarar nan, kamar an rufe ƙofar gidan da aka haife ka. Kawu Leonard ya ce, “Ka ji muryar 'yar tsohuwa.” Nana ya yi dariya, ta farko tun kafin ruwa.

Sai ya ɗora yatsa a guduma, ya ja kunama, ya sauke. Ta zauna a tsakiya lafiya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya sake ɗanawa, ya sake saukewa, lafiya. Na fara murna a raina. A na uku yatsan ya zame. Ƙas!

Bakin bindigar yana kallon ƙofar kicin. Ba harsashi a cikinta, na sani, ni na duba. Nana ya daɗe yana kallon babban yatsansa kamar wani baƙo ne ya zo gaishe shi. Sannan ya kalli ƙofar kicin, inda gwangwanin yake.

Ya ce, “Kai, maƙaryaci. Kawo ɗayar, da kuben.”

Da hannunsa ya buɗe sakata, ya tura bindigar cikin kube, ya zaro. Jan zoben ya ɓace. Ya sake. Ya juya kuben ya leƙa bakinsa, ya ga inda sakata ta goge fatar har ta yi sheƙi. Ya ce, “Matar nan. Ta faɗa kuwa.”

Na ce a yanke wurin da wuƙa a huta. Ya ce in na kusanci ɗinkin Nani da wuƙa zai yi mini kaciya ta biyu. Ya sa takalmi, ya sauka daga baranda, muka bi shi har rafi. Ya nutsa kuben ya danne da dutse. Bayan kwana biyu ya ciro shi ya yi laushi kamar gurasar roti, ya fere ɗan itace ya ɗora a kan sakatar, ya naɗe bindigar da tsumma mai mai, ya tura ta ciki, ya rataye a inuwa. Da ya bushe sai ga ɗan kumburi a gefe, ɗaki guda na sakata ita kaɗai. Yanzu tana shiga tana fita ba mai taɓa ta.

Har yanzu yana zaginta. Ya ce bindigar mutanen da ba su yarda da kansu ba ce. Amma na gan shi da yamma yana fitar da harsasai a baranda, ya tura sakatar kafin ya fara, ya kuma juya wa kicin baya. Kuma duk zarowa sai ya shafa gefen da yatsa, yana gunaguni.

Ranar Litinin ya ɗauko sirdinsa. Barkono ya yi nishi kamar an ɗora masa buhun gishiri. Nana ya tuɓe takalmi ya jefa mini, ya maƙale likkafa da yatsan ƙafa, ya yi gaba wajen duwatsun Kanuku, makiyaya suka jera a bayansa. Damisar tana nan, mun ga sawunta. Ya ce ba gaggawa, sun san juna.

Tsohuwar tana cikin akwati, ƙarƙashin mayafi. Ga makullinki na mayar cikin audugarsa. Ya ce in gaya miki akwatin a buɗe zai zauna, shi ba yaro ba ne da za a kulle wa abu, kuma in kin zo tattara shanu na baɗi zai ɗauko ta ku je bayan shinge, ke ki harba, shi ya riƙe miki kafaɗa.

Saura magana ɗaya. Babban Sufeto ya yi ritaya. Gaskiya ma ba a taɓa haifarsa ba. Keken rubutun na mai kantin Lethem ne, hatimin kuwa gindin kwalbar miya ne da shuni. Ni ban wuce makarantar masallaci ba, kin sani, duk manyan kalmomin nan daga bayan kwalin harsashi na kwaso su. Na ari rigarsa ne don kin rantse ba za ki amsa tawa ba, kuma na ji tsoro in na ce Nana ba ya cin abinci ki ɗauka wata bazawarar ce. Na san kin gane tun ambulan na farko. Ba a ce wa Sufeto beta.

Khala, ƙanwar mahaifiyata, ni ne. In rantsuwar tana nan, Meiji, limamin masallaci, ya ce kaffararta ciyar da miskinai goma ne, kuma ni kaɗai zan iya cin rabon goman.

Ɗanki,
Fizul.